Wanda Yake Buɗe Saƙon Basma

Ba wanda ya san abin da yake kai Basma Jimeta bayan an tashi daga makarantar da take koyarwa. Dada, mahaifiyarta, ta ɗauka darasin yamma take yi wa 'ya'yan mutane. Ita kuwa keke take hawa daga cikin garin Yola ta sauka bakin kasuwa, ta kutsa ta tsakanin masu gyaran waya har shagon Keturah, ta zauna gaban kwamfutar da ke lungu ta rubuta wa mutumin da kowa ya gama yanke ƙauna da shi.

Suhaib ma'aikacin ɗakin magani ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Michika. Wani kwas ya kawo shi Yola suka haɗu, har ya turo magabatansa. Baba ya karɓe su da mutunci, aka sha shayi, sannan ya sallame su da cewa shi ba ya ba da 'ya inda bai san kakanni ba. Dama can a gidan an daɗe da ajiye mata Zubair, ɗan baffanta, ma'aikacin gwamnati mai mota da sanayya da manya.

Basma ba ta yi wa Baba musu ba, ba ta kuma amsa wa Zubair ba. Ana cikin wannan ja-in-ja 'yan Boko Haram suka shiga Michika.

Kiransa na ƙarshe gajere ne. Ya ce ana harbi ta bayan asibiti, akwai marasa lafiya da ba za su iya gudu ba, zai neme ta in ya samu ya hau dutse. Daga nan layin ya mutu.

Ta bi sansanin 'yan gudun hijira na Damare da hotonsa a jaka, tana nuna wa tsofaffi da masu goyo. Wata ta ce ta san shi, shi ya taɓa ba ta maganin hawan jini, amma ba ta ga inda ya yi ba. Wani dattijo ya gaya mata cewa waɗanda suka maƙale a kan duwatsu wani lokaci suna kama sabis ɗin Kamaru, in an dace da layin can. Wannan maganar ce ta tuna mata da imel. Kira sai waya na kunne yake shiga, amma imel yana zaune yana jiran mai shi.

Sai ta fara rubutu. Ba ta ɓoye masa komai: yadda Dada take kallonta in ta ƙi cin abinci, yadda Zubair ya mai da gidansu wurin hirar yamma, har da labarin yayanta Hamma Bobboyi, wanda ya bar fataucin shanu ya shiga cikin mafarautan da ke raka sojoji saboda ya san hanyoyin daji. Ta faɗa masa Hamma ya mai da matarsa da yara Damare, gidan da ke bayan masallacin Juma'a. Rubutu take yi kamar mai hira da wanda ke zaune a gabanta.

Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Keturah ƙawarta ce tun suna kwalejin ilimi, 'yar Numan, mai yawan dariya a da, kafin wannan shekarar ta rage wa kowa dariya. Wata Talata da shagon ya yi shiru, janareta na ta ƙugi a waje, Basma ta cire hannu daga kan kwamfuta ta juyo.

"Keturah, wanda ya aika imel, yana iya sanin ko an karanta? Ko an goge shi ba a buɗe ba?"

Keturah ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta ce haka kawai ba a sani, saƙo yana tafiya ne ya yi shiru. Amma akwai wata dabara da 'yan kasuwa ke amfani da ita: ana maƙala wani hoto ƙanƙane da ido ba ya gani a cikin saƙon, da zarar an buɗe, sai alama ta fito a nan ɓangaren mai aikawa. Wani lokaci ma ba ya aiki, in wayar can ba ta sauke hotuna. Zancen gogewa kuwa, ta ce wannan ba mai iya gaya mata; wanda ya goge da wanda bai taɓa gani ba, duk shiru ɗaya za su ba ta.

Basma ta ce a saka mata.

Keturah ta yi jim, kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa, ta miƙa hannu ta saita.

A saƙon ranar Basma ta rubuta abin da ta daɗe tana son rubutawa: Hamma Bobboyi da mutanensa suna shirin shiga wajajen Michika ba da jimawa ba, ta ba shi hotonsa, ya yi alƙawarin zai duba mata. Shi dai Suhaib ya yi haƙuri, ya ɓuya, taimako na tafe.

Ta yi kwanaki tana zuwa tana tarar da wurin alamar fayau. Ran Asabar ta shigo da ƙura a ƙafa, ta buɗe ba tare da wani zato ba, sai ga wata 'yar alama koriya a gefen saƙon.

An buɗe shi jiya da hantsi. An sake buɗewa da la'asar.

Ba ta san lokacin da ta zame daga kujera ta durƙusa a kan siminti ba. Kuka take yi tana hamdala, ta riƙe zanin Keturah tana cewa yana raye, ta gaya musu yana raye. Keturah ta ɗaga ta, ta rufe ƙofar shagon rabi, ta ba ta ruwa. Sai da numfashinta ya daidaita sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙawata, abin da ya kamata in faɗa miki tun ran nan ke nan. Alamar nan tana cewa an buɗe. Ba ta cewa wa ya buɗe. Duk wanda wayar ke hannunsa zai iya."

Basma ta ajiye ledar ruwan a hankali. Ta kalli alamar, sai ta ga kamar ita ma alamar kallonta take yi.

Amsar ta iso ran Litinin, layi uku.

"Basma, ina raye. Ba na iya dogon rubutu. Yaushe Hamma zai taso, ta wace hanya, kuma su nawa ne? Ki gaya mini in fito in tare su."

Ta karanta ta sake karantawa. Zuciyarta ta yi tsalle a kan layin farko, ta tsaya cak a kan na ƙarshe. Mutumin da ke neman tsira, me zai yi da yawan masu zuwa? Amma kuma Suhaib mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi, ko magani zai ba ka sai ya tambaye ka abin da ka ci jiya. Wataƙila yana so ya san ko sun isa su fitar da shi da marasa lafiyarsa ne.

Keturah ta ce ta tambaye shi abin da ba a taɓa rubutawa ba, abin da su biyu kawai suka sani. Basma ta yi tunani, sannan ta rubuta: me ta ce masa a waya ranar da Baba ya sallami mutanensa?

Ba su tashi daga wurin ba amsar ta shigo.

"Kin ce in je in koyi Fulatanci kafin in dawo. Na soma. Ki amsa mini tambayata, lokaci ya ƙure."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda. Shi ne. Ba wani mahaluki da ya ji wannan maganar. Ta ɗora yatsu za ta rubuta duk abin da ta sani, sai Keturah ta dafe mata hannu.

"Shi ne, na yarda. Amma wa ke tsaye a kansa? Mutanen da suka gudo suna cewa 'yan Boko Haram ba sa kashe masu magani da wuri, ajiye su suke yi suna musu aiki."

A nan ne Basma ta tuna da sauran saƙonnin. Sunan Hamma. Aikin da yake yi. Gidan da ke bayan masallacin Juma'a, da matarsa, da yaransa ƙanana. Duk ita ta rubuta, da hannunta, cikin so da kewa. Ta fizge hannunta ta shiga goge su ɗaya bayan ɗaya, har akwatin ya zama wayam.

Keturah ta bar ta ta gama, sannan ta gaya mata cewa nata kawai ta goge. Na can suna nan yadda suke.

Daga shagon ba ta koma gida ba, Damare ta nufa. Ta tarar da Hamma Bobboyi a tsakar gida yana ɗinke madaurin jakarsa ta fata, ƙaramar 'yarsa na hawa bayansa. Ta durƙusa nesa da shi ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Bai katse ta ba. Da ta zo kan zancen gidan, sai ya sauke yarinyar ya ce ta je wurin uwarta. Ya shiga ciki ya umarci matarsa ta haɗa kaya, yau za su kwana Mbamoi gidan iyayenta. Da ya fito, abin da ya ce da Basma kawai shi ne ta hau mashin.

Sun tarar da Baba a zaure bayan la'asar, Zubair na zaune gefensa kamar kullum, makullin mota a hannu. Basma ta so a ce ya ba su wuri, amma Baba ya ce ɗan gida ne, a yi magana.

Hamma ne ya yi bayani. Baba ya saurara kansa a sunkuye, carbi ya tsaya a yatsunsa. Dada tana bayan labule, ana jin shessheƙarta. Da aka gama, Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Na hana ki yaron nan saboda ban san asalinsa ba. Ban taɓa zaton ta hanyarsa za ki miƙa musu ɗan'uwanki ba."

"Baba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka shi kaɗai nake gaya wa. Suhaib ba zai cuci Hamma ba, mutumin da ya ƙi gudu saboda marasa lafiya..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Zubair ya gyara zama, ya yi magana a natse, da irin muryar nan tasa mai laushi da ba ta taɓa kwanta mata ba. Ya ce shi ba ya zargin kowa. Amma ya kamata a gane halin da ake ciki: in jami'an tsaro suka gano cewa daga wani shago a Jimeta ana musayar saƙo da wani a cikin yankin da ke hannun mutanen nan, har da bayanan mafarauta, ba za su tsaya tambayar soyayya ba. Za su ɗauki Basma, su ɗauki mai shagon, wataƙila har Baba. Ya ce akwai mafita guda. Shi zai kai maganar da kansa wurin wani babban jami'i da ya sani, a matsayin taimako daga gidan. Basma ta amsa saƙon, ta ba da rana da hanya da adadi, duk na ƙarya. Jami'ai su riga su zuwa wurin su yi kwanton ɓauna. Duk wanda ya fito tarya, ya tarar da abin da bai zata ba.

Basma ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko a cikin watanni.

"In kuma shi ne ya fito, shi kaɗai, yana neman tsira fa?"

"In shi kaɗai ne, sai ya ɗaga hannu," in ji Zubair.

"Waye zai tsaya duba hannu a wannan dajin? Kai ma ka san ba za su tsaya ba. Ya Zubair, ka faɗa a gaban Baba, ko da su ya fito ko shi kaɗai, kai dai buƙatarka ta biya."

Baba ya daka mata tsawa ya ce ta kama bakinta. Zubair bai nuna ya ji zafi ba, murmushi ma ya yi kaɗan, ya ce ɓacin rai ne, ya yafe mata. Ya ƙara da cewa in an gama da wannan fitinar, zai so Baffa ya sa ranar da aka daɗe ana ɗagawa, don yarinya ta samu mai tsare ta daga irin wannan gangancin. Baba ya gyaɗa kai.

Basma ta rarrafa wurin yayanta ta kama gefen rigarsa. Ta roƙe shi da girman Allah, ta ce shi ya san daji, ya nemi wata dabara, ko a yi shiru kawai kada a amsa. Hamma ya dube ta. Sannan ya ce shiru ba zai yi ba, domin sun riga sun san sunansa da ƙofar gidansa, kuma tun da Zubair ya ji, maganar ba ta ɓoyuwa. Abin da zai iya shi ne ya nemi a sa shi cikin masu zuwa kwanton, tunda ya san fuskar yaron.

"In na riga kowa ganinsa, zan yi ihu in ce nawa ne. Iyakar abin da zan iya miki ke nan, Basma. Ba zan ce miki zan riga kowa ba."

Dada ta fito daga bayan labule ta ce ba ta yarda ba, ba za a kai mata ɗa bakin bindiga saboda bare ba. Hamma ya ce Dada ta yi haƙuri, dama can bakin bindigar yake.

Washegari da safe motar Zubair ta tsaya a ƙofar shagon Keturah. Ya riga ya gana da mutuminsa, ya zo da rana da hanya a bakinsa: Laraba mai zuwa, ta wata tsohuwar hanyar shanu da ke ratsa busasshen rafi, mutum kaɗan a kan mashina. Keturah ta tashe janareta, ta sallami ɗalibin da ya zo buga takarda, ta ja ƙofa.

Basma ta zauna. Zubair ya tsaya a bayanta, ƙamshin turarensa ya cika lungun, yana faɗa tana rubutawa. Hamma yana jingine da bango, hannuwa a ƙirji. Ta yi ta neman inda za ta cusa kalma ɗaya da za ta sa Suhaib ya gane kada ya zo, amma duk harafin da ta danna idon Zubair na kai. Ko da ma ta samu, in akwai mai tsaye a kan Suhaib, shi ma karatu yake yi. Gargaɗin da zai ceci ɗaya shi zai tona ɗayan.

Da ta kai ƙarshe Zubair ya ce ta rufe yadda ta saba rufewa, kada su ga canji. Hawaye na ɗiga a kan yatsunta ta rubuta: taka har kullum.

Ta danna. Saƙon ya tafi.

Ba wanda ya motsa. A waje mai rake na kiran ciniki, wani keke ya wuce da waƙa. Zubair ya duba agogo ya ce ba lallai ne a gani yau ba, su tafi, za a dawo. Bai rufe baki ba Keturah ta nuna allon da haɓa.

An buɗe.

Kamar wanda ke zaune da wayar a tafin hannu yana jira.

Suka ci gaba da tsayuwa, har amsar ta faɗo. Zubair ya sunkuyo zai karanta, Hamma ya taka ya ture shi gefe da kafaɗa, ya ce a bar mai saƙo ta karanta abinta. Basma ta karanta a fili.

"Na gode, Allah ya kai mu. Ƙafata ta samu rauni, a hankali nake tafiya. Ki ce wa Hamma in bai gan ni da wuri ba kada ya juya, ya ɗan matso gaba ya neme ni."

Zubair ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton allon, ya fita yana latsa lamba. Keturah ta haɗa hannuwa a ƙirji, leɓunanta na motsi.

Basma ta juyo wurin yayanta. Ta tambaye shi, a ganinsa, wannan maganar mai rauni ce, ko ta mai son a janyo shi cikin daji.

Hamma Bobboyi ya daɗe yana kallon layukan. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur ya sa.

"Duka biyun haka za su ce," ya amsa. "Ran Laraba zan sani."

Ya dafa kanta sau ɗaya, abin da bai yi ba tun tana ƙarama, ya fita. Tana jin tashin mashin ɗinsa har ƙarar ta ɓace cikin hayaniyar kasuwa. Ta ɗaga hannuwa za ta yi addu'a, sai ta tsaya da su a buɗe, don ba ta san sunan wanda za ta fara ambata ba.